Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: Linux da matsalolinta na yau da kullum

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ta zo ta wuce a ƙasar nan ba tare da jama'a da yawa sun lura da abin da ta zo da shi ba. A wannan rana ce kamfanin Microsoft ya daina aika wa babbar manhajar nan ta Windows 10 gyare-gyaren tsaro, bayan shekara goma da fitowarta, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda da ya buɗe wa masu kwamfutocin gida da suka yi rajista, zuwa Oktoban 2026. Ga mutumin Amurka ko Jamus wannan ba abin tayar da hankali ba ne, domin kanti zai shiga ya ɗauko sabuwa. Amma mu da yawancin kwamfutocin ofisoshinmu da makarantunmu 'yan gwanjo ne da Turawa suka more suka sako mana, maganar ta shafe mu kai tsaye. Windows 11 da aka ce a koma mata tana da sharuɗɗa masu tsauri: sai kwamfuta tana da wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma sai injinta ya kasance daga samfurin Intel na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017, ko makamantansu na kamfanin AMD. Duk wanda ya taɓa zagayawa kasuwar Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja ya san cewa ɗimbin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake sayarwa a nan, irin su EliteBook 840 G3 da 'yan uwanta, ba su cika wannan sharaɗi ba, alhali kuwa lafiyarsu ƙalau.

To mene ne abin yi? Hanyoyi uku ne a gaban mai irin wannan kwamfuta. Ta farko ya sayi sabuwa, wanda duk mai ɗaukar albashi ya san yadda wannan magana take a zamanin da Dala ta yi tashin gwauron zabo. Ta biyu ya ci gaba da amfani da manhajar da ba a toshe mata kafofi, ya zauna cikin gida marar ƙofa. Idan ba mu manta ba, a watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, ta tsayar da ayyuka a asibitocin Ingila, kuma ta wata kafa ta shiga wadda Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe ta tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha. Hanya ta uku ita ce a ɗora wa kwamfutar wata babbar manhajar dabam, wadda ba ta neman kuɗin lasisi, ba ta kuma ƙyamar tsohon ƙarfe. Wannan ita ce Linux, kuma a kanta nake son in ɗan yi tsokaci.

Linux ba baƙuwa ba ce kamar yadda ake zato. A shekarar 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU, da nufin samar da manhajar da kowa zai iya duba cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhajar, wato sashen da ke magana da ƙarfen kwamfuta kai tsaye. Daga haɗuwar waɗannan biyu aka sami nau'o'i masu yawa: Debian a 1993, Ubuntu a 2004 a ƙarƙashin wani attajirin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, sai Linux Mint a 2006, wadda ta fi kama da Windows a ido. Wayar Android da ke aljihun mai karatu a kan zuciyar Linux aka gina ta, kuma tun daga ƙarshen 2017 dukkan manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Saboda haka babu mai jayayya a kan ingancinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne tambayar da nake sha a duk lokacin da na kawo wannan shawara a gaban abokan aiki, likita ne ko lauya ko malamin jami'a: "To in ta lalace, wa zai gyara mini?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma ba zan yaudari kowa da cewa Linux ba ta ba da matsala ba. Tana bayarwa. Wata rana intanet ya ƙi kamawa, wata rana firinta ta yi gum, wata rana allo ya yi baƙi ƙirin bayan an ɗauke wuta. Abin da nake cewa shi ne, waɗannan matsaloli ƙidayayyu ne, sanannu ne, an san musabbabin kowace, kuma mafi yawansu ba sa ɗaukar minti goma ga wanda ya natsu ya karanta abin da kwamfutar ke gaya masa. Babban cikas ɗinmu wata ɗabi'a ce da muka gada daga shekaru da dama na amfani da Windows ta sata, ɗabi'ar da ake taƙaitawa da kalma guda: fomatin.

Kowa ya san yadda abin yake. Ka kai kwamfuta wurin mai gyara ka ce tana nauyi, ya ce sai an yi fomatin. Ka ce sauti ya ɗauke, fomatin. Ka ce ta ƙi buɗe wata takarda, fomatin. A shafe komai, a sake zuba manhaja, ka biya kuɗi, ka koma gida ka tarar da hotunan bikin 'yarka da babi uku na kundin digirinka sun bi ruwa. Ban ɗora wa masu gyara laifin duka ba. A zamanin da ƙwayoyin cutar kwamfuta ke yawo daga filashi zuwa filashi a shagunan buga takardu, kuma manhajar da aka zuba ta sata ce wadda ba ta karɓar sabuntawa, sau da yawa shafewar ce hanya mafi sauri. Sai dai illar da wannan ya haifar ita ce mun tashi da masu gyara da yawa waɗanda ba su taɓa tambayar dalilin lalacewa ba, da kuma masu kwamfuta waɗanda suka ɗauka cewa cikin na'urar wani dodo ne da ba a tunkara. Hausawa kuwa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya shigo Linux da wannan ɗabi'a zai sake zuba ta sau biyar, matsalar ta dawo sau biyar, ya fita yana cewa ba ta da kyau.

Bari in fara da matsalar da ta fi zama tamu, wato ɗaukewar wuta. Kwamfutar tebur marar batirin ko-ta-kwana, ko tafi-da-gidanka wadda batirinta ya mutu, tana cikin rubutu a faifan ajiya sai wuta ta tafi. Yawanci babu abin da ke faruwa, domin tsarin ajiya na ext4 da Ubuntu da Mint ke amfani da shi yana riƙe da kundin abin da yake shirin rubutawa, kuma da an kunna yakan gyara kansa. Amma wani lokaci ɓarnar kan fi haka, sai a kunna a ga baƙin allo da fararen rubutu, da kalmar initramfs a ƙasa. A nan ne gaban mutane ke faɗuwa, a naɗe kwamfuta a nufi kasuwa. Alhali da mutum zai daure ya karanta layukan da ke sama, zai ga na'urar ta faɗi sunan sashen faifan da ya sami matsala, misali /dev/sda2, ta kuma ce yana bukatar a duba shi da fsck. Abin da za a rubuta ke nan: fsck -y /dev/sda2, ko duk sunan da ta ambata, a jira ta gama, a sake kunnawa. A mafi yawan lokuta shi ke nan, kuma ko fayil ɗaya ba ya ɓata. Idan abin ya riƙa maimaituwa ba tare da an ɗauke wuta ba, wannan alama ce faifan da kansa ya fara gajiya, sai a yi maza a kwashe kaya.

Haka nan idan wutar ta tafi ana tsakiyar sabunta manhajoji. Washegari mutum ya zo zai zuba wani abu, na'urar ta ƙi. Saƙon da take nunawa a nan ya fi na farko sauƙi, domin a fili take cewa an katse ta, kuma a rubuta sudo dpkg --configure -a don a gyara. Wato likita ne ya faɗi ciwo ya kuma rubuta magani a takarda guda, amma majinyaci ya ƙi dubawa. Idan da saura, sai a bi da sudo apt --fix-broken install, ta ƙarasa abin da ya tsaya a rabi. Rigakafi kuwa ya fi magani: kada a fara babbar sabuntawa sai batiri na cike ko janareta na aiki, kuma a kunna manhajar Timeshift da ke zuwa tare da Mint, wadda ke ɗaukar hoton tsarin kwamfuta lokaci-lokaci, ta yadda in abu ya rikice za a mayar da shi yadda yake jiya. A lura dai, Timeshift tsarin manhaja take adanawa. Takardun mutum da hotunansa sai ya kwafe su da kansa a wani faifan dabam.

Matsala ta biyu da ta fi korar sababbin shiga ita ce ta Wi-Fi. An gama zuba manhaja, komai ya yi kyau, amma babu alamar intanet. Dalilin ba boyayye ba ne. Kowace na'ura da ke cikin kwamfuta tana bukatar wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke yi mata tafinta. Mafi yawan direbobin suna cikin zuciyar Linux tun asali, shi ya sa ba a ba ka faifan direbobi kamar da. Amma wasu kamfanoni, musamman Broadcom wanda na'urorinsa ke cikin tsofaffin kwamfutoci da yawa, ba su saki direbobin wasu samfuransu a buɗe ba, don haka sai an ɗauko su daban. Mai karatu zai ce, ta yaya zan ɗauko abu daga intanet alhali intanet ɗin ne babu? Amsar tana aljihunka. Haɗa wayarka ta Android da kwamfutar da igiyar caji, ka kunna raba intanet ta USB a saitin wayar, nan take kwamfutar za ta kama ba tare da wani direba ba. Daga nan ka buɗe Driver Manager a Mint, ko Additional Drivers a Ubuntu, ka zaɓi wanda ta ba da shawara, ka sake kunnawa. Kafin ma a je nan, yana da kyau a rubuta rfkill list a tagar umarni, domin sau da yawa babu abin da ya lalace, wani maɓalli ne a gefen kwamfutar ko a allon madannai aka danne bisa kuskure ya kashe na'urar.

Ta uku ita ce firinta, wadda ba don ita ba da ofisoshi da yawa sun daɗe da sauya sheƙa. Firintocin zamani da ke haɗuwa ta Wi-Fi ko ta wayar sadarwa galibi ba sa bukatar komai, Linux na ganinsu da kanta. Rigimar tana ga wasu tsofaffin samfura masu arha da ƙarko da suka cika ofisoshinmu, irin su LaserJet 1018 da 1020. Waɗannan an ƙera su ne ba tare da cikakkiyar manhajar cikinsu ba, sai kwamfuta ta tura musu ita duk lokacin da aka kunna su. Shi ya sa za ka ga kwamfuta ta gane firintar, ta ce ta aika aiki, amma takarda ba ta fito ba. Maganin shi ne a zuba HPLIP, wadda kamfanin HP da kansa ke samarwa don Linux, a rubuta hp-plugin sau ɗaya tak ana haɗe da intanet, ta ɗauko abin da ya rage. Na ga ofishin da aka jingine firinta wata biyu ana zuwa shago buga takardu a kan wannan 'yar magana.

Ta huɗu ta fi damun malamai da ɗalibai da ma'aikatan gwamnati. An aiko maka da takardar Word, ka buɗe ta a LibreOffice, sai ka ga shafi goma ya koma sha ɗaya, jadawali ya zame, kan magana ya koma ƙasan shafi. Nan da nan a yanke hukunci cewa LibreOffice ba ta iya aiki ba. Mafi yawan lokuta zubin haruffa ne babu. Takardar an rubuta ta da Calibri ko Times New Roman, waɗanda ba sa zuwa da Linux saboda ba na kyauta ba ne, sai manhajar ta maye gurbinsu da wani zubin da faɗinsa ya bambanta, layuka su goce. An ƙera wasu zubi na kyauta masu faɗi daidai da waɗancan: Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation a madadin Arial da Times New Roman. Da an zuba su takarda za ta koma mazauninta. Ɗalibin da malaminsa ya dage sai Times New Roman na ainihi zai same shi ta hanyar ttf-mscorefonts-installer. Kuma duk takardar da aka gama, ba a bukatar wani ya sake gyara ta, a aika ta a matsayin PDF, wadda ba ta canza kama a kowace na'ura.

Akwai kuma wasu matsaloli biyu da ke samun waɗanda suka ajiye Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Mutum ya fita daga Linux ya shiga Windows, sai ya ga agogo ya koma baya da awa guda cif. Ba batirin agogo ba ne. Linux na ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin GMT, sannan ta ƙara abin da ya dace da ƙasarka, ita kuwa Windows tana ɗaukar agogon nan a matsayin lokacin gida. Da yake Nijeriya da Nijar suna gaban GMT da awa ɗaya, bambancin awa ɗaya ne. Ɗan'uwanmu na zangon Kumasi ba zai taɓa ganin wannan matsala ba, domin Ghana a kan GMT take. Layi ɗaya ne ke sasanta su: timedatectl set-local-rtc 1. Ɗaya matsalar ita ce Linux ta buɗe sashen faifan Windows amma ta ƙi yarda a rubuta komai a ciki. Wannan kariya ce. Tun daga Windows 8 akwai wani tsari mai suna Fast Startup wanda ke sa in ka kashe kwamfuta ba ta mutu gaba ɗaya ba, barci ta yi, ta bar faifan a buɗe. Linux na gudun ta taɓa shi ta ɓata maka kaya. A kashe wannan tsari a cikin Windows, magana ta ƙare.

Wata kuma da ke firgita mutane ita ce ka sa kalmar sirri daidai, allo ya yi ƙyafta, ya dawo da kai inda ka fito. Abu na farko da za a duba shi ne ko faifan ya cika maƙil, domin manhajar na bukatar ɗan fili kafin ta buɗe maka teburinka. A danna Ctrl da Alt da F3 tare, a shiga ta tagar rubutu zalla, a rubuta df -h, za ta nuna kashi nawa cikin ɗari ya cika. In ya kai ɗari, sudo apt clean da sudo apt autoremove za su share tarkacen sabuntawa, sai a rage finafinan da aka tara. Idan kuwa bayan sabuntawa ne allo ya yi baƙi ko sauti ya ɗauke, to a sani Linux ba ta zubar da tsohuwar zuciyarta nan take idan ta karɓi sabuwa. A danne Shift ko Esc lokacin kunnawa, a shiga jerin zaɓin GRUB, a ɗauki ta baya, a ci gaba da aiki har a fitar da gyara.

Ba zan wuce ba sai na taɓo abin da ya shafi harshenmu. Shekara da shekaru marubuta Hausa suna fama da haruffa masu lanƙwasa, har jaridu da littattafai suka saba buga "kasa" a inda ake nufin "ƙasa", mai karatu ya yi ta lalube. Mutane da yawa ba su san cewa a cikin saitin allon madannai na Linux akwai tsarin Hausa na Nijeriya, har da na Ghana, a shirye ba. Wanda ba ya son sauya tsari, a yawancin manhajoji zai iya danna Ctrl da Shift da U, ya rubuta 0199 ya sami ƙ, ko 0257 ya sami ɗ, ko 0253 ya sami ɓ, ko 01B4 ya sami ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Idan harafin ya fito kamar ɗan akwati, zubin ne ba shi da shi, sai a koma Noto ko DejaVu ko Charis, waɗanda duk na kyauta ne.

Mai karatu zai lura cewa zare ɗaya ne ya ratsa duk waɗannan misalai. Na farko, a karanta saƙon da na'ura ta nuna, a ɗauki hotonsa da waya, a nemi ma'anarsa kalma da kalma, domin da wuya ka gamu da matsalar da wani bai riga ka gamuwa da ita ba. Na biyu, a tambayi kai: me ya canza tun lokacin da take aiki lafiya? An sabunta ne, an ɗauke wuta ne, an soka wata sabuwar na'ura ne? Na uku, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta abin da aka yi. Na huɗu, a rarrabe ciwon ƙarfe da ciwon manhaja. Kwamfutar da ke mutuwa da kanta a watan Afrilu, fankarta na kuka, ƙurar hunturu ce ta toshe mata hanci, kuma ko sau ɗari aka yi mata fomatin ba za ta warke ba sai an buɗe an kakkaɓe. Linux na da wata baiwa a nan: ana iya tayar da ita daga filashi ba tare da an taɓa faifan ajiya ba. In matsalar ta biyo ka har cikin filashi, ƙarfe ne. In ba ta biyo ka ba, saiti ne. Da wannan filashin kuma ake ceto takardu daga kwamfutar da ta ƙi tashi, ko da Windows ce a kanta.

Adalci ya sa in faɗi inda Linux ba za ta biya bukata ba. Mai shagon zane da buga katin biki wanda abincinsa ke kan CorelDraw, da mai zanen gini da ke aiki da AutoCAD, da mai ɗaukar hoto da ya saba da Photoshop, ba za su sami waɗannan a Linux ba. Akwai madadinsu irin su Inkscape da GIMP, amma koyonsu na cin lokaci, kuma abokan hulɗa na aiko da fayilolin da ba lallai su buɗu daidai ba. Haka ma wasu manhajojin akawu. Irin waɗannan mutane ban ce su yi gaggawa ba. Sannan sabuntawa na cin data, kuma kusan duk bayanan taimako da Turanci suke. Akwai kuma haɗari na gaske: tagar umarni ba ta yi wa mai ita gardama. Wanda ya kwafo umarni daga intanet bai san ma'anarsa ba, ya sa sudo a gabansa, zai iya shafe komai cikin daƙiƙa. Duk umarnin da ya fara da rm ko dd ko mkfs, a tsaya a tambaya tukuna, don matambayi ba ya ɓata. Amma ga likita da lauya da malami da sakatare, waɗanda aikinsu bai wuce rubutu da lissafi da intanet da wasiƙu ba, babu abin da za su rasa.

Gani ga wane ya ishi wane. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kammala da kwamfutoci kusan 15,000 a 2013, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, bayan sauyin shugabanci da koke-koken wasu ma'aikata. Jandarmomin Faransa kuwa sannu a hankali suka bi: suka fara sauya manhajar rubutu da ta shiga intanet tun suna kan Windows, sai da ma'aikata suka saba, sannan a 2008 suka fara ɗora Ubuntu, har ta kai dubun-dubatar kwamfutoci. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da shirin mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux. Darasin da na ɗauka shi ne, nasara ko faɗuwar irin wannan sauyi tana rataye ne a kan ko ma'aikaci yana da wanda zai kira ranar da firinta ta ƙi, da kuma ko an ba shi lokacin sabawa.

Saboda haka kirana na farko ga kwalejojin kimiyya da fasaha da sassan nazarin kwamfuta na jami'o'inmu ne: a koya wa ɗalibi gano musabbabin matsala da hannunsa, a ajiye masa kwamfutar da aka lalata da gangan a ce ya tayar da ita ba tare da ya shafe komai ba. Na biyu ga ƙungiyoyin masu gyara a kasuwanninmu: wanda ya riga sauran ƙwarewa a wannan fanni shi zai ci kasuwar gobe, domin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi suna nan jibge, kuma masu su za su nemi mai taimako. Na uku ga Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, da ma'aikatun ilimi na jihohi: kafin a rubuta takardar sayen sababbin kwamfutoci ga makarantu, a ƙirga na cikin sito waɗanda ƙura ta rufe, a ga nawa ne za su tashi da Mint mai teburin Xfce, wadda ke iya aiki da ƙwaƙwalwar gigabait 2 kacal. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022 kaɗai, kuma bai kamata mu ƙara da abin da ke da sauran amfani ba. Na huɗu ga matasanmu masu ilimin: a rubuta waɗannan bayanai da Hausa, a fassara saƙonnin kuskure, domin buɗaɗɗen tushe na nufin ba sai mun nemi izinin kowa ba kafin mu sa harshenmu a ciki.

Shi kuma mai karatu da ke da tsohuwar kwamfuta a gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kwafe takardunsa a wani wuri, ya sami filashi mai gigabait 8, ya sa a ɗora masa Mint ko Ubuntu mai dogon wa'adi, irin wadda ake fitarwa duk bayan shekara biyu a watan Afrilu ana kuma kula da ita shekara biyar. Ya tayar da ita daga filashin, ya gwada intanet da sauti da firinta kafin ya zuba. Ranar da ta yi masa gardama kuwa, kuma za ta yi, ya ja kujera ya zauna ya karanta abin da ta rubuta kafin ya ɗauke ta zuwa kasuwa. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma al'ummar da ta iya tayar da matacciyar mota da kayan gwangwan ba za ta gaza a gaban layi biyu na rubutu ba.